Yarinyar da Ta Yi wa Kanta Kirari

'Yan'uwana mata, ku da ke Illela kun fi kowa sanin cewa abin da aka kaɗa a Birnin Ƙonni da safe, kafin la'asar ya iso kasuwarku. Iyaka tana tsare mota, ba ta tsare waƙa. To, yau labarin wata mawaƙiya ta ƙetaren nan za mu ba ku.

Sunanta Zara Moussa, amma an fi saninta da ZM. A Yamai aka haife ta cikin 1980. Irin waƙar da take yi ita ce wadda samari ke kira hip hop, watau gambarar zamani, inda ake jero magana da sauri bisa kiɗa. Daga unguwannin baƙar fata na birnin New York ta Amurka abin ya taso. A Nijar kuwa sai cikin 2000 ƙungiyar Lakal Kaney ta fid da faifan da ake lissafa shi na fari a wannan fanni. A lokacin nan sha'anin kusan duk na maza ne, manya kuma suna yi masa kallon aikin 'yan iska masu kwaikwayon baƙi.

Cikin wannan hali yarinyar ta shiga gasar da Faransawa suka shirya a 2002, ta ci. A 2005 ta fid da faifanta na fari, ta sa masa suna Kirari.

Ku dubi sunan nan da kyau. Wa ke yi wa kansa kirari a ƙasar Hausa? Ɗan dambe, ɗan kokawa, maharbi. Mace tata guɗa ce, ta yi wa wani. In ko tana da ta cewa, sai ta bari sai ta kama taɓarya, ta saka habaicinta cikin waƙar daka, kishiya ta ji, maigida ya yi kamar bai ji ba. Ko marigayiya Barmani Choge, da ta fito fili da ƙwaryar amada, yawanci a taron mata take zuba tata. Ita Zara maganar turmin nan ta ɗauka, ta dukan mata da ta auren dole, ta kai ta gaban lasifika inda maza ke tsaye.

Yaya aka karɓe ta? A waje an yaba ƙwarai, har ana ambatonta da cewa ita ce mace ta fari a Afirka ta Yamma da kamfanin faifai ya ƙulla yarjejeniya da ita a wannan irin waƙa. A gida kuwa, ku ma kun san abin da akan ce da 'ya mace in ta hau dandali, tun ba a ji me ta faɗa ba.

Ni inda nake da ƙorafi daban ne. Tana waƙa da Faransanci da Zabarmanci da Hausa, to matar da ke cikin kulle a Illela, wadda maganar ta fi shafa, kashi ɗaya kaɗai za ta tsinta. Ku 'yan makaranta masu 'yan'uwa a Ƙonni, ku sa su fassara muku sauran, sa'an nan ku kai wa iyayenku mata. Wani faifanta, Ma Rage, watau fushina, ya fito a 2012.