Kula da babur ɗin Sportster a gida

Sportster babur ne da kamfanin Harley-Davidson na birnin Milwaukee da ke jihar Wisconsin a ƙasar Amurka ya fara ƙerawa a shekarar 1957. Yana cikin rukunin baburan da ake kira kuruza, sunan da ya samo asali daga kalmar Turanci mai nufin tafiyar shaƙatawa. Baburan wannan rukuni suna da kujera ƙasa-ƙasa, da nauyin jiki, da injin mai ƙarfin ja tun kafin a murɗa masa wuta sosai. Sportster ya yi suna a cikinsu wajen sauƙin gyara, shi ya sa da yawa daga cikin masu shi ke yi masa sabis da kansu a gida, suna kuma sauya masa kaya yadda suke so.

Tsarin injin

Injin yana da silinda biyu da suka buɗe kamar harafin V a kusurwar digiri 45. Iska ce ke sanyaya shi, ba shi da lagireto. Daga 1957 zuwa 1985 an yi amfani da injin da ake yi wa laƙabi da Ironhead, wato mai kan ƙarfe. A 1986 aka maye gurbinsa da injin Evolution mai kan alminiyom, wanda ya fi shahara a girma biyu, cc 883 da cc 1200. An daina ƙera Sportster mai wannan injin a 2022. Sabon samfurin Sportster S da ya fito a 2021 da ruwa ake sanyaya shi, kuma bayanin da ke nan bai shafe shi ba.

Shekarar babur ita ce abu na farko da mai gyara ke dubawa, domin kaya sun sha canzawa. Giya biyar ta zo a 1991. Zuwa 1993 bel ya maye gurbin sarƙa wajen juya tayar baya a duk samfuran. A 2004 aka ɗora injin a kan roba don rage jijjiga, sannan a 2007 aka cire kafireto aka koma na'urar fesa fetur da ƙaramar kwamfuta ke sarrafawa.

Bawul ɗin injin Evolution ba ya bukatar saiti, saboda matsin mai ne ke daidaita shi da kansa. Ironhead kuwa sai an riƙa yi masa saitin da hannu.

Kayan aiki

Yawancin notukan Sportster da inci aka auna su, ba da milimita ba. Sifanar da ta dace da baburan Japan, Sin ko Indiya irin su Bajaj takan shiga kan notin amma da ɗan sako-sako, kuma idan aka matsa sai ta cinye kansa. Akwai kuma kusoshi masu kan tauraro da ake kira Torx. Bayan waɗannan ana bukatar littafin sabis na ainihin shekarar babur ɗin, da jak na ɗaga shi, da sifana mai auna ƙarfin ɗauri. Wannan ta ƙarshe tana da muhimmanci, domin murafan injin na alminiyom ne, kuma ɗauri fiye da kima kan lalata zarensu.

Baƙin mai

Kamfanin ya tsara sabis na farko a kilomita 1,600, sannan bayan kowace kilomita 8,000. Man da aka fi zubawa shi ne 20W-50.

Sportster ba ya ajiye mansa a ƙasan injin kamar yawancin babura. Yana da tankin mai daban a gefen dama ƙarƙashin kujera. Famfo ɗaya na tura man cikin injin, wani kuma na kwaso shi ya mayar tanki. Idan babur ya daɗe a ajiye, wani ɓangare na man yakan silale ya taru a ƙasan injin. Wanda ya duba ma'auni a wannan hali zai ga kamar mai ya yi ƙasa, ya ƙara, da an tayar da injin kuma sai wanda ya silale ya dawo, tanki ya cika ya wuce iyaka. Sakamakon shi ne mai ya riƙa fita ta wajen matatar iska, ko ma ya tunkuɗe murfin tankin. Don haka ake auna man bayan injin ya yi zafi. Wannan kuskure na daga cikin waɗanda sababbin masu babur ɗin suka fi yi.

Wajen juye, ana ɗumama injin, a buɗe bututun da ke zubar da man tanki, a cire tsohuwar filta da ke gaban injin. Sabuwar filta ana zuba mata ɗan mai a ciki, a shafa kaɗan a robar bakinta, a ɗaure da hannu kawai. Samfuran baya-bayan nan suna cin kusan lita 2.6, amma an fi so a zuba ƙasa da haka tukuna, a tayar da injin, sannan a cike gibin.

Akwai mai na biyu da ake yawan mantawa da shi. A gefen hagu akwai murfi mai ɗauke da kuloci da wata sarƙa da ke kai ƙarfin injin zuwa giya. Wannan ɗaki da akwatin giya mai ɗaya suke sha, kusan lita ɗaya, kuma ba ya haɗuwa da man injin. Sarƙar tana bukatar wasa na milimita 10 zuwa 13 idan injin ya huce. Idan ta saki takan yi ƙara, idan ta ɗaure da yawa giya kan yi taurin shiga.

Bel, birki, taya da batir

Bel ba ya son mai ko giris. Abin da ake dubawa shi ne tsagewa, karyewar haƙori, da ramin da tsakuwa kan huda idan ta maƙale tsakaninsa da gargaren da yake hawa. Ana auna ɗaurinsa yana a sanyaye, da ma'aunin da ke danna shi da nauyin kilo 4.5.

Man birki na bukatar lura ta musamman. Tsofaffin samfura suna amfani da DOT 5, na baya-bayan nan kuma DOT 4, kuma ba a haɗa su. An rubuta wanda ya dace a kan murfin kofin man. DOT 4 yana tsotsar danshi daga iska, shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu, kuma yana cin fenti idan ya zuba a tanki.

A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta. Misali 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Baburan kuruza sukan fi kwana a ajiye, saboda haka taya kan bushe ta tsattsage tun zanenta bai cinye ba. Haka batir: mai lafiya yana nuna kusan bolt 12.6 a kashe, kuma jijjigar injin kan sassauta kawunansa, abin da kan sa a zargi sitata alhali matsalar noti ɗaya ce.

Sauye-sauye

Sauyin da aka fi yi shi ne wanda masu babur ke kira mataki na ɗaya: a sa matatar iska mai buɗaɗɗen numfashi, a canza salansa, sannan a daidaita fetur. Na ukun shi ne ake yawan tsallakewa. Idan iska ta ƙaru fetur bai ƙaru ba, injin zai yi zafi fiye da kima, ya riƙa tari ta salansa idan an sassauta wuta. A samfuran kafireto ana canza ƙananan bututan da ke auna fetur, a na 2007 zuwa sama kuma ana sauya lissafin kwamfutar. Salansa kaɗai ƙara take ƙarawa fiye da ƙarfi.

Babban sauyi shi ne mayar da 883 zuwa 1200. Hakan na yiwuwa ne saboda nisan hawa da saukar fistin a injinan biyu ɗaya ne, milimita 96.8. Bambancin yana faɗin silinda ne, milimita 76.2 a 883 da 88.9 a 1200. Ana sa manyan silinda da fistin, ko a kai tsofaffin wajen mai injin yanka ya faɗaɗa su, ba tare da an tsaga ƙasan injin ba. Bayan haɗawa ana tafiya a hankali na kusan kilomita 800 kafin a ba shi wuta.

Sauran sauye-sauyen na jin daɗin zama ne ko na ado: kujera, madogarar ƙafa da ake turawa gaba, da kan babur mai tsawo, wanda kan tilasta a canza wayoyin birki da kuloci su ma. Forty-Eight, ɗaya daga cikin samfuran, tankinsa lita 7.9 ne kacal, don haka masu tafiya mai nisa kan sa babba. Rage tsayin babur ya zama yayi, sai dai yana rage kwanciyar da zai iya yi a kwana kafin ƙarfe ya taɓa kwalta. Ga mai hawa kullum, shokazoba mai kyau a baya ta fi yawancin kayan ado amfani, domin ta samfuran ƙasa-ƙasa gajera ce kuma tana saurin kai wa ƙarshe a rami.

Doka da garanti

A 2016 Harley-Davidson ya amince ya biya tarar dala miliyan 12 bayan hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta zarge shi da sayar da na'urorin sauya lissafin injin da ke ƙara hayaƙi fiye da abin da doka ta yarda. A 2022 kuma hukumar kasuwanci ta tarayya, FTC, ta ɗauki mataki a kan kamfanin saboda sharuɗɗan garantinsa, waɗanda ke nuna garanti zai ɓaci idan an sa kayan wani kamfani ko an yi gyara a wajen dillalansa. Dokar Magnuson-Moss ta 1975 ta hana irin wannan sharaɗi, ko da yake kamfani na iya ƙin biyan ɓarnar da kayan da aka sa ko gyaran da aka yi ne suka jawo ta. Shi ya sa masu sabis a gida kan ajiye rasit na mai da filta, tare da rubuta ranar aiki da kilomitar da babur ya yi.