Hakiyar da Ta Ƙi Jin Magani

A kakar bara kawuna yana bugun shinkafa a gonarsa da ke ƙasan madatsar ruwan Tiga, a yankin Bebeji, sai ƙaiƙayi ya faɗa masa a idon hagu. Ya murza, ya ci gaba da aiki. Kwana biyar, wani farin ɗigo ya fito a kan baƙin idon. Mutanen gida suka ce hakiya ce.

A kemis aka ba shi maganin ɗigawa mai kashe bakteriya. Mako guda, shiru. Aka sauya masa wani, jan idon ya ragu, zafin ya lafa, har muka yi hamdala. Bayan kwana huɗu farin ya ninka, haske ma ba ya iya kallo. Abin da ya ɗaure mana kai ke nan: yaya maganin da ya kawo sauƙi zai ƙara ciwo?

Da muka kai shi wajen likitar ido a Kano, ba ta yi gaggawar rubuta magani ba. Ta ce, "Baba, me ya fara shiga idon?" Da ya ambaci ƙaiƙayi, sai ta jawo fitilar duba ido. Gyambon a bushe yake, gefensa kamar gashin tsuntsu, ga 'yan ɗige-ɗige kewaye da shi. Ta karɓi kwalbar maganin nan na biyu ta karanta: akwai sitiroyid a ciki. Shi ne ke kwantar da kumburi, amma yana danne garkuwar ido, cutar ta samu fili.

Ta ɗiga masa maganin kashe zafi, ta kankari gefen gyambon, aka sa a na'urar hango ƙwayoyin cuta. Sai ga siraran zaruruwa masu rassa. Fumfuna ce, irin wadda ke zaune a jikin tsirrai da ƙasa. Maganin bakteriya ba ya taɓa ta ko kusa.

Aka jefar da kwalbar, aka fara natamycin, ɗigo kowace awa, dare da rana da farko. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin muhimman magunguna tun 2017, amma sai da muka zaga shaguna da dama kafin mu same shi, kuma wannan yana ci mini rai har yau, ganin yawan manoman rani da ke shan ruwan Tiga.

Mako shida aka yi. Tabon yana nan, ɗan fari a gefe, amma da idon yake gane jikokinsa daga bakin zaure.