Ajin Ginin Tukwane, Inda Masu Shiru-shiru Ke Samun Abokai

Kusan kowane gida akwai mutum ɗaya da ba ya son hayaniya. A wurin biki yana rakuɓe a gefe, a majalisa ya fi sauraro, in an matsa masa da tambaya sai ya ce "haka ne" ya ja bakinsa. Mukan kira shi miskili, wasu ma su ce girman kai ne. Ni a ganina zaluntarsa muke yi. Irin wannan mutum yana son jama'a, surutun dole ne yake gajiyar da shi. Kuma ban san wurin da ya fi dacewa da shi kamar ajin koyon ginin tukwane ba.

Dalili kuwa, yumɓu yana cinye hankali. Kafin a fara gini sai an jiƙa shi, an tsince tsakuwa, an kwaɓa shi sosai har iska ta fita. Ido na kan aiki, hannu biyu duk a ciki, waya ma ba ta ɗaukuwa. Saboda haka mutum takwas za su zauna a rumfa ɗaya, a yi rabin awa ba wanda ya tanka, kuma ba wanda zai tsargu. Maganar da za ta fito, aiki ne ya kawo ta: "Yaya, miƙo mini ruwa," ko "Malama, bakin tulun nan ya karkace, yaya zan yi?" Mai kunya ba ya shakkar irin wannan magana, domin ba labarin kansa ake nema ba.

Sannan tukunya ba ta ƙarewa rana ɗaya. Sai ta sha iska a inuwa kwana da kwanaki. Wanda ya riga zuwa shi zai duba ta ɗan'uwansa, ya rufe ta in tana neman tsagewa. Ranar tuya kuwa kayan kowa wuta ɗaya ke shiga, kuma ɗanyar tukunya in ta fashe takan ɓata na kusa da ita. Dole kowa ya damu da aikin kowa. A nan ake sabo. Wadda kaskonta ya fito a fashe, na gefenta ne za su fara ba ta haƙuri, don su ma sun taɓa ɗanɗanawa.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. A farkon shekarun 1950 Baturen Ingila Michael Cardew ya buɗe cibiyar koyon ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau. A 1954 Ladi Kwali ta shiga, ita ce mace ta farko a wurin. Da ma ta iya gini irin na Gbagyi tun tana ƙarama, tana zagaya randa tana jan bangonta sama, ta zana ƙadangare da kifi da kunama a jiki. A cibiyar ta koyi aiki da keken juyi, mutanen wurin kuma suka koyi irin nata ginin. Ba ta yi boko ba, amma ta je Ingila da Amurka ta yi gini a gaban jama'a, hannunta ya isar da abin da harshe bai isar ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, kuma hotonta ne a bayan naira 20.

Har yau ana gini a Ushafa da Bwari kusa da Abuja, da Mirriya a jihar Damagaram, ban da tsofaffin magina da ke ƙauyukanmu, waɗanda robobi suka kashe wa kasuwa.

Kira nake ga iyaye. In Allah ya ba ku ɗa mai zurfin ciki, ku daina tura shi taro kuna cewa ya saki jiki. Ku nemi magini mafi kusa, ku haɗa shi da yara uku ko huɗu, ku biya abin da ya sawwaƙa, ku bar su su yi ta zuwa duk Asabar.