Ɗawisu Ba Don Mai Kyamara Yake Ado Ba

A gonakin Agwada, cikin ƙaramar hukumar Kokona daura da Keffi, zabuwa ce tsuntsuwar da ido ya saba gani. Ɗawisu baƙo ne. Asalinsa Indiya da Sri Lanka, har Indiya ta ayyana shi tsuntsun ƙasa a 1963. A wajenmu sai a gidan mai hali ko gidan zoo, shi ya sa da ya buɗe gashi kowa ke laluben waya a aljihu. Hotunan kuma duk kamanninsu ɗaya: tsuntsu a tsakiya, gashi ya cika hoto, rana tsaka ta wanke launin.

Abin da muke kira wutsiyar nan ba wutsiya ba ce. Dogayen gashin gadon baya ne, kusan 200, tsawonsu kan kai mita ɗaya da rabi, galibinsu da ido a ƙarshe. Wutsiyar gaskiya gajera ce, ruwan ƙasa, tana baya tana tokare su. Shuɗin da koren ma ba rini ba ne. Ƙirar zaren gashin ce ke karya haske, don haka launi ke sauyawa da zarar ka gusa taku ɗaya. Mai hoto da bai san wannan ba zai ta zargin wayarsa a banza.

Shi tsuntsun ya sani. A 2009 Roslyn Dakin da Robert Montgomerie, masana daga Kanada, sun nuna cewa namiji kan daidaita kansa da rana, ya karkace kusan digiri 45, macen tana gabansa, sannan ya kaɗa gashin, kaɗawar da aka auna daga baya ta kai kusan sau 25 a daƙiƙa. Ke nan wurin tsayawa mafi kyau a filin na macen ne. Kwalliyarsa ba ta biyan kuɗin sabulu sai ta amince. A ganina darasin ɗaukar hoton ɗawisu duk yana nan: ka nemi inda take, ka durƙusa har kyamara ta yi daidai da idonta, da hantsi ko bayan la'asar, rana na bayan kafaɗarka. Hazon hunturu ma taimako ne, yana tausasa haske.

Kuma kada a yanke macen daga hoton. Ba ta da ado, ruwan ƙasa ce da ɗan kore a wuya, sau da yawa tana tsattsagar ƙasa kamar ba da ita ake ba. A 2013 masaniya Jessica Yorzinski ta ɗora wa matan ɗawisu 'yar na'ura mai bin motsin ido, sai ga shi ƙasan gashin suka fi duba, can saman da ke ruɗar mu ba su cika ɗaga kai gare shi ba. Hoton da ya sa ta a gefe, shi yana rawar jiki yana jiran hukuncinta, ya fi hoton gashi zalla ba da labari nesa ba kusa ba. Wanda kuma yake son launi kaɗai, ya matsa ya ɗauki ido uku ko huɗu, ko wuyan da tukkun kai, ya bar bayan ya dushe.

Sai ƙafa. A hikayoyin da suka iso mana ta littattafan Larabci, an ce ɗawisu da maciji ne suka taimaki Iblis ya shiga Aljanna, aka hukunta ɗawisu da munin ƙafa da munin murya. Wai duk sanda ya sunkuya ya ga ƙafarsa sai ya yi kururuwa. Hikaya ce, kowane tsuntsu dai kukan gidansu yake yi. Amma masu hoto sun bi hikayar ba su sani ba, kullum suna datse ƙafar. Ni ina so a bar ta. Ƙafar ɗan dangin kaza ce, mai kauri, mai ƙaho a dunduniya, da ita yake tono, yake faɗa, yake ɗaukar nauyin adon nan ya tashi da shi ya kwana a kan bishiya.

Namiji ba ya cika gashi sai ya kai shekara uku, kuma kowace shekara bayan lokacin barbara yakan zubar da shi gaba ɗaya. Wanda ya zo a wannan tsakanin ya haƙura ya dawo. Korar tsuntsun ko jifansa don ya buɗe ba ta haifar da komai sai ya naɗe gashinsa ya shige ƙarƙashin mota.