Ƙaura da Neman Muhalli a Gadarif

Gadarif gari ne a gabashin Sudan da ya yi suna wajen noman dawa da riɗi. Hausawan can, waɗanda akan haɗa da Fulani a kira su Fallata, galibinsu jikokin mahajjata ne da na masu hijira bayan yaƙin Burmi na 1903. A da, baƙo yakan sauka wajen ɗan'uwa, ya yi ƙwadago a gona, sannan ya kafa bukkar ciyawa tasa. Yaƙin 2023 ya sauya wannan. Da Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF a watan Disamba, jama'a suka kwararo Gadarif, kuɗin haya ya yi tashin gwauron zabi, har makarantu suka zama masauki.