Damana: Abin da ya kamata ɗan ci-rani ya sani kafin ya gina makewayi a gida

A Damana, hedikwatar ƙaramar hukumar Tondikandia da ke gundumar Filingué a jihar Tillabéri, yawancin gidaje masu su ne ke gina su da kansu, ɗaki bayan ɗaki, gwargwadon kuɗin da 'yan ci-rani ke aikowa daga Yamai, Kwatano, Akara ko Abijan. Sau da yawa makewayi ne ke zuwa ƙarshe, bayan an gama ɗakuna da katanga, lokacin da aljihu ya riga ya yi sanyi.

Matsalar ba ta Damana kaɗai ba ce. Alƙaluman UNICEF da Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa fiye da rabin al'ummar Nijar na bahaya a fili, kuma abin ya fi ƙamari a karkara. A shekarar 2021 cutar kwalara ta kama fiye da mutum 5,000 a ƙasar. Nijar ta ɗaura aniyar kawo ƙarshen bahaya a fili nan da 2030.

Sai dai ƙasar yankin na da nata sharaɗi. Damana da Filingué suna cikin kwarin Dallol Bosso, inda ƙasa rairayi ce kuma ruwa ke kusa. Wannan ne ya sa rijiya ke da sauƙin haƙawa, shi ne kuma ke sa shadda ta zama haɗari: ramin da ya yi zurfi da yawa na iya tsiyaya cikin ruwan da iyali ke sha. Ƙa'idar masana tsafta ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin shadda da rijiya, ƙasan ramin kuma ya kasance mita 1.5 sama da ruwa. Inda ruwa ya yi kusa ƙwarai, ana ɗaga ginin sama maimakon a zurfafa shi.

Rairayi kuma na zubewa da damina. Don haka ake zagaye ramin da bulo, a rufe shi da daɓen siminti mai rodi, a yi wa bakin murfi. Dogon bututu mai raga a bakinsa na fitar da wari, ya kuma tare ƙudaje, dabarar da aka ƙirƙiro a Zimbabuwe a shekarun 1970. Magina kan kauce wa fuskantar alƙibla tun wajen aza harsashi.

Wurin wanka ya fi kyau a raba shi da shadda, a karkata daɓensa zuwa ƙaramin rami cike da duwatsu. In ba haka ba, ruwan wanka ya cika shaddar da wuri, ko ya kwanta a lungu ya tara sauro.

Mai aiko kuɗi kan so masai irin na birni, amma kowane kori na cin ruwa lita 6 ko fiye, ga shi mata da yara ne ke ɗebo ruwan. Na tsuguno da ake korawa da buta bai wuce lita 2 zuwa 3 ba.

Sauran kayan ba su da tsada: randa mai murfi, buta, sabulu ko toka a bakin ƙofa, fitilar sola saboda kunama da dare, da ƙarfen dafawa domin tsofaffi. Wanda zai aiko kuɗin wannan aiki, ya fara tambayar nisan rijiya kafin ya tambayi launin tayil.