Kitsen Da Ke Manne A Zuciya

'Yan'uwa manoma, duk wanda ya taɓa feɗe rago ya ga farin kitse manne a jikin zuciyarsa. To, mu ma muna da irinsa.

A shekarar 2003 likitoci a Italiya suka nuna yadda za a auna kaurinsa da na'urar hoto, irin wadda ake duba mai juna biyu da ita. Ba yanka, ba allura. Hotunan sun nuna masu ciwon sukari sun fi tara kitsen nan. Babu shamaki tsakaninsa da naman zuciya. In ya yi kauri, sau da yawa zuciya takan yi tauri, ta kasa cika da jini sosai, mutum ya riƙa haki kafin ya kai ƙarshen kunya.

Amma kitsen yakan ragu in an rage ƙiba. Na'urar sai a manyan asibitoci, tef ɗin tela kuwa yana kusa. Ƙugun namiji in ya kai santimita 94, ko na mace 80, gargaɗi ne. Mu rage zaƙi, mu je a auna mana sukari tun da wuri.